Me dara da gem ke nema a laburare?

A Nuwamban 2008 Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ta ware rana guda ta nemi laburarorin ƙasar su buɗe ƙofa ga wasa: a fito da wasannin tebur, a jona na'urorin gem da talabijin, yara da manya su zo su fafata. Abin ya karɓu har ya tsallaka Ostireliya da ƙasashen arewacin Turai. A 2017 ranar ta koma mako guda, yanzu kuwa watan Nuwamba ne sukutum ake yi wa laƙabi da watan wasanni a ɗakunan karatu. Tun 2011 ƙungiyar ta kafa zaure na dindindin wanda ba shi da wani aiki sai nazarin yadda wasa zai zauna a laburare.

Duk wanda ya san laburare a matsayin wurin da ko tari ka yi sai an waiwayo an harare ka, dole wannan labari ya ɗaure masa kai. Wurin da aka gina domin littafi da natsuwa, me ya haɗa shi da ihun samarin da aka zura wa ƙwallo a gem? Kuma da kuɗin talakawa za a sayo kayan wasan? Tambayoyi ne masu nauyi, kuma masu yin su ba maƙiya ci gaba ba ne. Ni ina cikin masu ganin wasa yana da gurbi a laburare. Sai dai hujjojin da aka fi yawan kafawa wajen kare shi su ne mafiya rauni, wadda ta fi ƙarfi kuma ba a cika faɗinta ba.

Tukuna, abin ba sabo ba ne. Cibiyar Makanikai ta San Francisco, wadda aka kafa a 1854, laburare ce da ɗakin wasan ces, wato chess ko shaɗaranji, a gini ɗaya, kuma kulob ɗinta na ces shi ne mafi daɗewa da bai taɓa tsayawa ba a Amurka. Laburaren birnin Cleveland na riƙe da tarin littattafai da rubuce-rubucen hannu kan ces da diraf da wani lauya, John G. White, ya bar masa lokacin da ya rasu a 1928, kuma ana lissafa tarin a matsayin mafi girma irinsa a duniya. A Los Angeles kuwa, lokacin matsin tattalin arzikin da ya durƙusar da Amurka, wani mai kanti ya lura yara na ɗauke masa ƙananan kayan wasa. Da aka bincika sai aka tarar yaran kirki ne, gidajensu ne babu ko abin wasa ɗaya. Daga nan aka buɗe wurin aron kayan wasa a 1935, yaro ya ɗauka ya kai gida ya dawo da shi kamar littafi, kuma shirin yana nan har yau. Ko a kusa da mu, cibiyoyin karatu da raya al'adu da ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta fara kafawa a ƙauyuka da ƙananan garuruwa tun 1986, waɗanda ake kira CLAC kuma akwai su a Nijar, tun asali da kayan wasa ake haɗa musu littattafai da jaridu.

Hujja ta farko da za ka ji a bakin masu kare shirin ita ce wasan tarko ne: yaro zai shigo don gem, ya fita da littafi. Yakan faru. Yaron da ya saba da ƙofar gini, ya san sunan ma'aikaciya, ya yi katin zama mamba don a ba shi damar shiga gasa, ya fi kusa da littafi fiye da wanda bai taɓa taka wurin ba. Laburaren Ann Arbor da ke jihar Michigan ya yi suna tun tsakiyar shekarun 2000 da gasannin gem na wata-wata, inda samarin da a da ba sa leƙowa suka riƙa cika ɗaki. Amma wanda ya dogara da wannan hujja kaɗai ya ɗaure kansa. Ranar da aka ƙirga aka ga yaran sun buga wasa sun tafi ba su ari komai ba, shike nan, shirin ya fāɗi a ma'aunin da masu shi suka kafa da hannunsu. Ban da haka, yara ba su da wauta. Idan suka fahimci wasan dabara ce kawai ta cusa musu abin da ba su nema ba, sai su daina zuwa.

Hujja ta biyu ta fi daɗin ji: wasa yana wasa ƙwaƙwalwa. Ces na koyar da lissafi, gem na ƙara kaifin tunani. Ƙasar Armeniya ta yarda da wannan har ta mayar da ces darasin dole a firamare tun 2011. To amma da aka gwada abin da kyau, sakamakon bai zo yadda ake fata ba. A Ingila an yi wani babban gwaji a makarantun firamare 100, da ɗalibai kimanin 4,000. Aka raba makarantun ta hanyar ƙuri'a, rabi aka koyar da ces na sa'o'i 30 a shekara, rabi aka bar su yadda suke. Rahoton da ya fito a 2016 ya nuna cewa shekara guda bayan darussan babu wani bambanci a jarrabawar lissafi tsakanin ɓangarorin biyu. Masanin halayyar ɗan Adam Fernand Gobet, wanda shi kansa gwanin ces ne na matakin duniya, ya daɗe yana nuna cewa ƙwarewa a wasa ba ta cika tsallakawa zuwa wani fanni mai nisa ba. Wanda ya naƙalci ces, ces ya naƙalta. Haka batun gem yake. Binciken Shawn Green da Daphne Bavelier na 2003 ya nuna masu buga gem na harbe-harbe sun fi saurin lura da abubuwa da yawa a kan allo lokaci guda, wannan gaskiya ne, amma tsakanin saurin ido da cin jarrabawa akwai tafiya.

Duk da haka akwai wani bincike da nake ganin ya kamata kowane ma'aikacin laburare da kowace malamar nazare su sani, domin ya nuna inda wasa ke aiki da kuma dalilin da ya sa yake aiki. Geetha Ramani da Robert Siegler sun yi shi da yara 'yan shekara huɗu zuwa biyar daga gidajen masu ƙaramin ƙarfi a Amurka, aka wallafa a 2008. Wasan ba wani abin a zo a gani ba ne: kwali ne aka zana masa gidaje goma a jere, daga 1 zuwa 10. Yaro ya juya kibiya, ta nuna masa taku ɗaya ko biyu, sai ya matsa da ɗansa yana faɗin lambar gidan da ya taka. In yana kan 3 aka ba shi taku biyu, zai ce “huɗu, biyar”, ba “ɗaya, biyu” ba. Wasu yaran kuma aka ba su kwali iri ɗaya, sai dai launuka ne a gidajen maimakon lambobi. Zama huɗu kacal aka yi cikin mako biyu, jimilla kamar sa'a guda. Yaran da suka yi na lambobi sun ƙaru wajen ƙirga, da gane lamba, da sanin wacce ta fi wata girma, kuma da aka sake gwada su bayan mako tara abin bai zube ba. 'Yan launuka ba su ƙaru da komai ba. Da masu binciken suka sake gwadawa da kwali mai da'ira, sai suka ga jeri miƙaƙƙe ya fi tasiri, domin yaro yana ganin 8 ta fi 4 nisa da idonsa, yana jin ta a yawan motsin hannunsa, yana jin ta a tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya isa.

Darasin da ke nan shi ne wasa yana koyar da abin da ke cikinsa ne, ba abin da muke fatan ya koyar ba. Akwai kuma wani abu da suka gano a gefe wanda ya shafi laburare kai tsaye: yaran talakawa sun fi ƙarancin samun irin waɗannan wasanni a gida idan aka kwatanta da 'ya'yan masu hali. Wato ratar da ake gani ranar farko a aji ɗaya, wani ɓangarenta a tsakar gida aka haife ta, a kan abin da bai fi kuɗin kwali da alli ba.

Nan ne hujjar da nake ganin ta fi ƙarfi take. Me ya sa aka ƙirƙiro laburaren jama'a tun farko? Don abin da mai kuɗi ke saya wa ɗansa shi kaɗai, al'umma ta saya sau ɗaya kowa ya mora. Da littafi ne abin. Daga baya jarida ta shigo, aka yi gardama. Littattafan ƙagaggun labarai ma sai da aka yi doguwar jayayya a Ingila da Amurka a ƙarni na 19 kan ko sun cancanci kuɗin haraji, ana cewa suna lalata tarbiyya suna ɓata lokaci. Faifan waƙa, fim, kwamfuta, intanet, kowanne da irin tasa rigimar. Wasa shi ne na baya-bayan nan a layin. Na'urar PlayStation 5 ta fito a 2020 a kan dala 499, sabon gem ɗaya kuma yakan kai dala 70. A canjin 2024, kuɗin wannan gem ɗaya ya haura naira 70,000 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a Najeriya a shekarar. Wasannin tebur na zamani ma, irin waɗanda Jamus ta shahara da su tun bayan fitowar wasan Catan a 1995, ba su da araha. Yaron da ubansa ba zai iya ba, ko dai ya haƙura, ko ya nemi inda zai samu.

Kuma yana samu. Wannan ne abin da masu cewa a raba yara da gem ba sa son dubawa. A unguwanninmu akwai gidan gem, akwai teburin sinuka a bakin titi, akwai wayar yayansa. Zaɓin da ke gaban iyaye ba tsakanin gem da littafi yake ba. Tsakanin gem a shago ne da gem a wurin da akwai babba mai lura. A shago sai ka biya, kuma yaron da ba shi da kuɗi zai nemo su ta hanyar da ba za ta yi wa kowa daɗi ba. A shago ana sa kuɗi a kan wasa, wanda aka ci shi zai biya, daga nan zuwa shagon caca na ƙwallo taku kaɗan ne. A shago ba mai tambayar shekarunka kafin ya saka maka gem ɗin da aka yi don manya, ba mai cewa lokacin makaranta ne ko an kira salla. Mai shago ba mugu ba ne, neman abincinsa yake, amma ribarsa tana cikin daɗewar yaro a zaune. Laburare ba ya cin riba da daɗewar kowa. Shi ya sa yake iya cewa minti talatin ne rabonka, ka miƙa wa na bayanka.

Birnin Chicago ya gwada wannan da gaske. A 2009 babban laburarensa ya ware wani fili a hawa na ƙasa don 'yan sakandare kaɗai, aka sa masa suna YOUmedia. An yarda a yi surutu, an yarda a ci abinci, ga na'urorin gem, ga kwamfutoci, ga ɗakin naɗar sauti, ga kuma dubban littattafai a kewaye. Abin da ya bambanta wurin ba kayan ba ne. Manya ne da aka ɗauka aiki, mawaƙa da masu zane da masu haɗa bidiyo, waɗanda aikinsu shi ne su zauna da yaran. An gina tsarin a kan binciken Mizuko Ito, wadda ta lura cewa matasa kan fara da zaman hira kawai, sannan su shiga taɓa wannan da wancan, sannan kaɗan daga cikinsu su nutse cikin abu guda har su gwanance. Ba a tsallake matakin farko. Yaron da ya zo buga gem yau, shi ne gobe zai tambayi yadda ake naɗar wasan a ɗora a intanet, jibi ya tambayi yadda ake rubuta sharhi a kai, wata rana ya tambayi yadda ake ƙera gem ɗin kansa. Ba kowa zai kai can ba, kuma wanda bai kai ba bai yi asara ba, ya samu wuri mai aminci da ya yini. Finland ta ɗauki wannan tunani ta kai shi ƙololuwa a laburaren Oodi na Helsinki, wanda aka buɗe ranar 5 ga Disamba 2018 daura da majalisar dokoki: hawa na uku littattafai kusan 100,000, hawa na biyu kuwa ɗakunan gem da kekunan ɗinki da ɗakunan kiɗa.

Ba yara kaɗai ba. A Brooklyn ta birnin New York, rassan laburare sun kafa gasar tsofaffi, inda dattawa maza da mata ke sanye da rigunan ƙungiya suna buga wasan jifan kwalabe a na'urar Xbox, reshe da reshe ta intanet. Wasunsu mutane ne da ke zaune su kaɗai a ɗaki, 'ya'ya sun watse. Gasar ta ba su dalilin yin wanka su fito ranar da aka tsayar. Mu nan muna iya cewa ba mu da wannan matsalar, muna da majalisa da masallaci da zumunci. Maza dai suna da majalisa. Ina 'yan mata? Gidan gem na samari ne, dandalin dara na maza ne, kuma babu uban da zai bar 'yarsa ta shiga ɗayansu. Laburare kusan shi ne wuri ɗaya tilo a gari da za a iya ware yammacin Asabar a ce na 'yan mata ne, da ma'aikaciya mace, iyaye kuma su saki jiki. Wannan kaɗai ya isa dalili a wurina.

Akwai kuma abin da wasan tebur ke koyarwa wanda ba ya fitowa a takardar jarrabawa. Ka jira layinka. Ka bi doka ko da ba ta yi maka daɗi ba. A ci ka a gaban mutane ka miƙa hannu, ka ci wani ba ka wulaƙanta shi ba. Ka karanta takardar ƙa'idoji mai shafi takwas ka fahimta ka bayyana wa mutum uku, wanda shi ma karatu ne, kuma mai wuya. Wasu wasannin na zamani ma ba a cin juna a cikinsu, duk 'yan teburin ne ke haɗa kai su ci wasan ko ya cinye su tare. Tunde Onakoya, wanda ya kafa shirin koyar da ces ga yaran unguwannin talakawa a Legas a 2018, kuma ya yi sa'o'i 60 yana bugawa a dandalin Times Square a Afrilun 2024 don tara kuɗin karatun yara, abin da shirinsa ya fi nunawa shi ne yadda yaron da kowa ya raina ke sauyawa idan ya samu fage guda da ake girmama shi. Najeriya kuma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Wellington Jighere ya ci kofin duniya na Scrabble, wasan haɗa kalmomi, a birnin Perth na Ostireliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi hakan, a wasan da kayansa ba su wuce allo da jakar haruffa da ƙamus ba, abubuwan da kowane laburaren jiha zai iya ajiyewa.

To sai illolin, kuma ba ƙanana ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka jarabar gem cikin kundin cututtukanta a 2019, ya fara aiki a Janairun 2022. Ma'aunin da ta kafa yana da tsauri: mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita gem a kan sauran al'amuran rayuwa, ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar, kuma yawanci a ɗauki wata 12 ana haka. Kaɗan ne daga masu buga gem ke kaiwa nan, amma suna nan. Sin ta ɗauki matakin da ya fi na kowa tsanani a 2021, ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 gem na intanet zuwa sa'a ɗaya a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu. Abin da ya fi damuna ni shi ne yadda kamfanoni suka shigar da caca cikin wasan kansa. Akwai akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi na gaske ba tare da sanin abin da ke ciki ba, ko ka dace da gwarzon ɗan wasa ko ka tashi a tutar babu. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa wannan caca ce. Laburaren da ya sayo na'ura ya jona ta da intanet ya juya baya, ya shigo da abin da ake gudu har cikin gida, dara ta ci gida ke nan. Aikin ma'aikacin laburare a nan shi ne aikin da ya saba yi da littafi: zaɓe. Ya duba alamar shekaru da ke jikin kwali, wadda a tsarin Turai take tafiya 3, 7, 12, 16, 18. Ya toshe hanyar saye a cikin na'ura. Ya fifita wasannin da mutum biyu ko huɗu ke yi a ɗaki ɗaya suna ganin fuskar juna a kan waɗanda yaro ke toshe kunne yana magana da baƙin da ba wanda ya san su.

Ga mai karatu Bahaushe akwai wata tambaya da ba a yi a Helsinki, kuma kauce mata rashin gaskiya ne. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim da ke tsananta hani ga wasan nardi, wanda ake yi da jefa ƙwayar sa'a, kuma malamai da yawa na wannan zamani sun yi ƙiyasin lido a kansa. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta hana nardi da shaɗaranji, wato ces, gaba ɗaya. A mazhabar Shafi'iyya kuwa ces makaruhi ne matuƙar babu caca, babu zagi, kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Fatawa ta malamai ce, kuma duk laburaren da zai fara irin wannan shiri a Kano ko Damagaram ya kamata ya zauna da su tun kafin ya sayo komai, ba bayan iyaye sun fara ƙorafi ba. Abin lura shi ne illolin da malamai suka fi nanatawa, caca da shagala da gaba, su ne daidai abubuwan da wuri mai doka da mai lura zai iya hanawa, shagon bakin titi kuma ba zai iya ba. Kuma fagen yana da faɗi. Akwai wasannin haɗa kalmomi, da na lissafi, da na taswira, da na haɗa gutsattsarin hoto, da kacici-kacici, waɗanda babu ƙwayar sa'a a cikinsu ko kaɗan.

Wani aikin laburare da ba a cika tunawa ba shi ne adanawa. Wani bincike da gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023 ya gano cewa kashi 87 cikin 100 na gem ɗin da aka fitar a ƙasar kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa yanzu. Na'urorin sun mutu, kamfanonin sun rufe, faya-fayan suna ruɓewa. Jami'ar Michigan ta buɗe ma'ajiyar gem a laburarenta tun 2008 don ɗalibai da masu bincike. Doka kuma tana ƙara ɗaure hannun laburarori. A Amurka, idan laburare ya sayi littafi ko faifai, yana da 'yancin ba da aronsa ga wanda ya ga dama. Amma gem ɗin da aka sauko da shi daga intanet ba a saye shi ba, lasisi aka karɓa, kuma lasisin ba ya yarda da aro. Yayin da kamfanoni ke barin faifai suna komawa saukarwa, abin da laburare zai iya bayarwa yana raguwa. A Oktoban 2024 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi amincewa da buƙatar a bar laburarori su ba masu bincike damar buga tsoffin gem daga nesa.

Mu namu abin adanawar ya fi kusa, kuma ba ya buƙatar lantarki. Dara mai gida 30, biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12, wannan da duwatsu wancan da tsinke, a jera su ɗaya bayan ɗaya sannan a fara matsawa, duk wanda ya haɗa uku a layi ya cire ɗan abokin karawarsa. Da ɗaya darar mai ramuka 12 da 'ya'ya 48, wadda Yarabawa ke kira ayo, a Gana kuma oware. Kada a raina ta: a 2002 masana kwamfuta biyu a wata jami'a a Amsterdam sun bi duk yanayin da wani nau'inta zai iya kasancewa, suka samu kusan biliyan 889, suka tabbatar cewa idan gwanaye biyu ba su yi kuskure ba canjaras za a tashi. Ƙa'idojin dara suna bambanta daga gari zuwa gari, kuma a kan dattawa suke, ba a takarda ba. Laburaren da ya gayyato tsofaffin 'yan dara biyu su koya wa yara, ya sa ɗalibi ɗaya ya rubuta ƙa'idojin yadda ake yi a garin, wani ya ɗauki bidiyo da waya, ya yi aikin adana tarihi da aikin haɗa tsara da tsara a yammaci guda, da kuɗin da bai wuce na shayi da motar baƙi ba.

Saura batun yadda ake tafiyar da shi, inda yawancin shirye-shirye ke mutuwa. Surutu gaskiya ne, kuma ɗalibin da ya zo karatun JAMB yana da haƙƙin samun shiru. Maganinsa raba wuri ko raba lokaci: ɗaki daban, ko rumfa a harabar gini, ko ranar da aka sanar tun da wuri. 'Ya'yan wasa suna ɓacewa, don haka ake lissafa su a manna jerin a murfin kwali, a ƙirga kafin a bayar da bayan an dawo, a ajiye gwangwanin maɓallai da murafun kwalba don maye gurbi. Inda wuta ba ta tsayawa, hankali ya ce a fara da tebur, gem ya biyo baya idan an samu sola. Gasa tana jawo mutane, amma in ita kaɗai ce, gwanaye biyar za su mamaye wurin sabbin zuwa su gudu, don haka ana buƙatar ranar koyo da ba a ƙirga ci.

Mafi tsada a cikin duka shi ne mutum. Kwalin wasa da aka ajiye a kan kanta ba mai taɓa shi, domin ba wanda ke son zama ya yi ta fama da ƙa'idojin da bai sani ba a gaban jama'a. Sai an samu wanda ya iya wasan, zai iya koyar da shi cikin minti biyar, ya san lokacin da zai raba gardama da lokacin da zai bar yara su sasanta kansu, ya kuma lura da yaron da ke tsaye a bakin ƙofa yana leƙe ya kira shi da hannu. Hukumomi sun fi son sayen kaya domin kaya ake ɗauka a hoto ranar buɗewa. Duk mai rubuta kasafin irin wannan shiri, layin farko ya zama alawus da horon wanda zai zauna da yaran kowane mako, ko ma'aikaci ne ko ɗan hidimar ƙasa ko malamin makaranta mai ritaya, sannan a ga abin da ya rage na sayen kaya.